Birnin Da Taya Ke Tsayawa A Bakin Ƙofa

Duk wanda ya tuƙa mota ya nufi birnin Benis na ƙasar Italiya, wanda mutanensa ke kira Venezia, akwai inda tafiyarsa za ta yanke ko ya so ko bai so ba. Zai hau wata doguwar gada da ta ratsa ruwa, mai tsawon kusan kilomita huɗu, jirgin ƙasa na gudu a gefensa, har ya iso wani fili da ake kira Piazzale Roma. A nan kwalta ta ƙare. Abin da ke gabansa ruwa ne da matakala. Dole ya nemi inda zai ajiye motar, ya biya kuɗi masu tsoka, ya sauke akwatinsa ƙasa, sa'annan ya zaɓi ɗaya cikin uku: ko ya ɗauka da kansa, ko ya kira ɗan dako, ko ya saka a jirgin ruwa. Da minista da attajiri da ɗalibi, a wannan fili hukuncinsu ɗaya ne.

Baƙi da yawa suna zaton wata doka ce hukumar birnin ta kafa don ta burge masu yawon buɗe ido. Al'amarin ya girmi haka nesa ba kusa ba. Filin nan iyaka ce tsakanin taya da ruwa, kuma an kwashe kusan shekara 180 ana ja-in-ja a kan inda za a sa ta. Abin da nake so mu duba, mai karatu, shi ne yadda aka yi iyakar ta tsaya a nan, da kuma wanda kaya ke komawa kansa daga inda taya ta gaza. Domin hana mota shiga gari ba ya rage wa buhu nauyi, wani ne dai zai ɗauka.

Turke a bakin ƙofa

Benis na zaune ne a tsakiyar wani tafki mai ruwan gishiri, marar zurfi, wanda wasu siraran tsibirai suka raba da Tekun Adiriyatik. Waɗanda suka fara cika wurin ƴan gudun hijira ne. Lokacin da daular Rum ta Yamma ke rugujewa, mayaƙa suka yi ta kwararowa arewacin Italiya, Attila da rundunarsa a 452, sai Lombardawa a 568. Mutanen garuruwan tudu suka tsere cikin taɓo da ciyawar ruwa, inda masunta da masu yin gishiri suke zaune tun da can. Dabarar a fili take. Mayaƙin da ke kan doki ba ya iya bin mutum cikin laka, babban jirgin yaƙi kuma yakan kafe a ruwan da bai kai ƙirji ba. Rashin hanya shi ya zama musu ganuwa, har birnin ya yi ƙarnuka bai kewaye kansa da katanga irin ta sauran biranen Turai ba.

Wajen shekarar 537 wani babban jami'in fadar Ravenna mai suna Cassiodorus ya aika wa mutanen tafkin wasiƙa yana neman su yi wa fadar jigilar kayan abinci. A cikinta ya siffanta yadda suke ɗaure jiragensu a jikin bangon gida kamar yadda wasu ke ɗaure dabbobinsu. Wanda ya san turken doki a ƙofar gidan basarake zai gane hoton nan take. Har yau turakun suna nan, dogayen gungume da aka kafa cikin ruwa a gaban manyan gidaje, wasu an yi musu fenti da launin gidan da ya mallake su. Su ne wurin ajiye abin hawa na asali a Benis.

Da birnin ya bunƙasa, sai aka gina shi bisa wannan tsari. Aka riƙa dasa gungumen itace cikin laka, a shimfiɗa katako a kai, a ɗora farin dutse da ake kawowa daga Istria, sa'annan a tayar da bango. Haka aka haɗa tsibirai kusan 118 suka zama gari guda. Gidan attajiri fuskarsa ruwa take kallo. Babbar ƙofa tana buɗewa ne kai tsaye a kan ruwan, ƙasan gidan sito ne, iyali kuma suna sama. Jirgi zai zo da barkono ko auduga daga Iskandariya ko Sham, a sauke cikin ƙaramin jirgi, a shigar da shi sito ba tare da ya taɓa titi ba. Lungun da ke bayan gida na masu tafiya a ƙasa ne da barori. Ka'idar ita ce, duk abu mai nauyi ta ruwa zai bi.

Dawaki da matakala

Kada a ɗauka birnin bai taɓa sanin kofato ba. A ƙarnukan farko akwai dawaki da alfadarai a Benis. Lunguna na ƙasa ne, gadoji kuma na katako ne, shimfiɗaɗɗu ko masu ɗan gangare, dabba na iya hayewa. Ɗaya daga cikin ƙararrawar hasumiyar San Marco ma sunanta Trottiera, ana cewa idan ta kaɗa manyan gari sukan sa dawakinsu sassarfa don kada su makara zaman majalisa.

Abu biyu suka kori doki. Na farko cunkoso, domin lungun da mutum biyu ke gogar kafaɗa ba wurin sukuwa ba ne, hukuma ta yi ta taƙaita hawa a unguwannin kasuwa. Na biyu, wanda ya fi tasiri, shi ne sauya gadoji daga katako zuwa dutse. Gadar dutse dole a yi mata baka mai tsawo domin jirgi ɗauke da kaya, da matuƙinsa a tsaye, su wuce ta ƙarƙashi. Baka mai tsawo a wuri matsattse kuwa ba ya hawuwa sai da matakala. Wato duk gadar da ka gani a Benis, an yanke hukunci ne a kanta cewa mai jirgi ya fi mai tafiya a ƙasa. Gadoji sama da 400 ne a birnin, kusan dukkansu masu matakala. Wani matafiyi Bature ɗan Ingila, Thomas Coryat, da ya yi mako shida a can a 1608, ya ba da labarin cewa doki ɗaya tak ya gani.

Inda doki bai wuce ba, keken doki ma ba zai wuce ba. A lokacin da manyan Paris da Landan ke gasar kekunan dawaki, manyan Benis gasar gondola suke yi, wato siririn baƙin kwalekwalen nan da ake tuƙawa a tsaye da filafili guda. A zamanin bunƙasarsu dubbai ne ke yawo a birnin, yau kuwa kimanin 400 suka rage, su ma baƙi suke ɗauka. Babbar hanyar ruwan da ta raba garin biyu gada ɗaya ce tak a kanta, ta Rialto, wadda aka kammala da dutse a 1591, kuma ita kaɗai ce har zuwa 1854. Mai son ƙetarewa a wani wurin sai ya biya fito.

Kafaɗun da suka ɗauki birnin

Ruwa yakan kai kaya bakin gaɓa ne kawai. Daga nan zuwa shago, ko hawa na uku na gida, sai kafaɗa. Saboda haka dako ya zama babbar sana'a a Benis, kuma mafi yawan masu yin ta ba ƴan gari ba ne. Talakawa ne daga ƙauyukan duwatsu, musamman kwaruruwan yankin Bergamo, suke saukowa cin rani, wasu su zauna dindindin. Waɗanda ke aiki a gidan duwan na bakin teku, wanda ake kira Dogana da Mar, suna da ƙungiyarsu, kuma ba kowa ke shiga ba, domin amanar dukiyar fatake ce a hannunsu.

Ruwan sha ma a kafaɗa yake yawo. Birnin da ke tsakiyar ruwa ba shi da ruwan daɗi, sai na sama da ake tarawa a rijiyoyi dubbai da aka gina a filayen unguwanni, a tace shi da yashi. Mata ne, da yawansu daga yankin Friuli, suke ɗiba su bi gida-gida da tukwanen tagulla biyu rataye a lanƙwasasshiyar sanda, tamkar ɗan ga-ruwa. Sai a 1884 aka jawo ruwan famfo daga tudu.

Baƙon ɗan kasuwa kuwa ba shi da ikon sauke kayansa inda ya ga dama. Fataken Jamus dole su sauka a wani katafaren gida kusa da Rialto mai suna Fondaco dei Tedeschi, wanda ke aiki tun ƙarni na 13. A nan za su kwana, a nan za a ajiye hajarsu, a auna, a karɓi haraji, ciniki kuma sai ta hannun dillalin da hukuma ta sani. Daga 1621 aka ware wa fataken daular Usmaniyya ta Turkiyya irin wannan gida. Kalmar fondaco daga funduƙ na Larabci ta fito, kamar yadda dogana da duwan suka fito daga diwani. Bahaushen da ya san zango da fatoma ba ya bukatar dogon bayani a nan.

Akwai ma zaren da ya haɗa waɗannan kafaɗu da ƙasashenmu. Takardar nan mai tambarin jinjirin wata uku, wadda malamanmu suka rubuta littattafai masu yawa a kanta a ƙarni na 19, a masana'antun yankin Benis da Friuli ake yin ta. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa Agadas a 1850 ya isa Kano a 1851, kuma cikin hajar da ya lissafa a kasuwar Kano akwai wannan takarda da duwatsun ado na Benis. Ka duba tafiyar wannan ƙunshi: daga kafaɗar ɗan dako zuwa jirgin ruwa, daga jirgi zuwa Tarabulus ko Masar, daga nan zuwa bayan raƙumi, har gaban malami a zaure. Kusan duk tafiyar ba ta bukaci taya ba.

Ranar da tsibiri ya sami igiya

A ranar 12 ga Mayun 1797 jamhuriyar Benis, wadda ta shafe kusan shekara dubu tana mulkin kanta, ta miƙa wuya ga Napoleon. Daga nan birnin ya riƙa sauya hannu tsakanin Faransa da Ostiriya, har ya shiga ƙasar Italiya a 1866. Sababbin masu mulkin mutanen tudu ne, idonsu ya saba da titi. Aka shiga cike wasu hanyoyin ruwa da ƙasa ana mayar da su tituna. Faffaɗan titin da ake kira Via Garibaldi a yau, a zamanin Faransawa aka shimfiɗa shi a kan ruwa. Duk inda baƙo ya ga an rubuta rio terà a bango, to a kan tsohuwar hanyar ruwa yake tafiya.

Babban sauyin ya zo ne a watan Janairun 1846, lokacin da Ostiriyawa suka buɗe gadar jirgin ƙasa mai tsawon kimanin mita 3,600, a kan baka 222, daga tudu zuwa gefen birnin na yamma. A karon farko mutum ya iya shiga Benis ba tare da ya taka jirgin ruwa ba. Ba a jima ba mutanen garin suka ga abin da hakan ke nufi. A 1848 suka yi wa Ostiriya tawaye ƙarƙashin Daniele Manin, da aka kewaye su a 1849 sai da suka fasa wani sashe na gadar da hannunsu don su maido da ganuwarsu ta ruwa. Yunwa da kwalara da ruwan harsasai suka sa suka sallama a watan Agusta, aka gyara gadar.

Domin a gina tashar jirgin, sai da aka rushe cocin Santa Lucia a farkon shekarun 1860, tashar ta gaji sunan. Abin da ya fi wannan girma shi ne birnin ya juya baya. Ƙarnuka da dama baƙo ta teku yake shigowa, ya sauka a gaban fadar sarki da dandalin San Marco, wato ta ƙofar gaba. Yanzu sai ya zama ta bayan gida ake shigowa, a sauka a ƙarshen gari, kuma tsakanin mutum da masaukinsa akwai gadoji goma ko fiye. Daga ranar ce matsalar akwati ta fara. Aka ƙara gadoji biyu na ƙarfe a kan babbar hanyar ruwa, a 1854 da 1858, aka fasa gidaje aka buɗe titin Strada Nova daga wajen tasha zuwa tsakiyar gari a farkon shekarun 1870. A 1881 aka kawo jirgin haya mai aiki da tururi, wanda har yau ake kira vaporetto ko da yake ya daɗe da barin tururi. Matuƙan gondola suka tafi yajin aiki, don sun ga abincinsu zai tafi. Yajin bai hana komai ba.

Mota ta iso

Da ƙarni na 20 ya kama, sai aka sami masu cewa a gama da ruwan baki ɗaya. A watan Yulin 1910 marubuci Filippo Tommaso Marinetti da abokansa, masu ɗaukaka inji da gudu, suka hau hasumiyar agogo ta San Marco suka watso takardu a kan jama'a, suna kiran a rushe tsofaffin gidajen a cike hanyoyin ruwa da ɓaraguzansu, a gina birnin masana'antu. Mutane suka ɗauke su mahaukata. Amma rabin burinsu ya cika a wani wurin, domin daga 1917 aka fara gina tashar jiragen ruwa da masana'antu a Marghera, can kan tudu, a 1926 kuma aka haɗe garin Mestre da Benis ƙarƙashin hukuma ɗaya.

A zamanin Musolini aka ɗauki matakin da ya rage. Injiniya Eugenio Miozzi ya gina gadar mota a jikin ta jirgin ƙasa, mai tsawon mita 3,850, aka buɗe ta ranar 25 ga Afrilun 1933. Sunanta na farko na jam'iyyar Musolini ne, bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka mayar da shi Ponte della Libertà, wato Gadar Ƴanci. To, mota ta ƙetaro, ina za ta? Gabanta matakala ne, kuma shigar da ita ciki na nufin rushe garin. Amsar Miozzi ita ce a share fili a bakin gari, a gina katafaren bene na ajiye motoci. Filin shi ne Piazzale Roma, benen kuma, mai ɗaukar motoci kimanin 2,000, a lokacinsa ana lissafa shi mafi girma a Turai. Abin lura ne cewa birnin da mota ba ta yawo a cikinsa shi ya gina mata irin wannan katafaren gida.

Bayan yaƙi, da mota ta zama ta kowa, benen ya cika ya batse. A shekarun 1960 sai aka cike wani sashe na tafkin aka ƙirƙiri sabon tsibiri mai suna Tronchetto, wanda babban aikinsa ajiye motoci da manyan motocin baƙi. A 2010 aka haɗa shi da Piazzale Roma da wani ɗan jirgi marar direba da ke tafiya a sama, ana jan sa da igiyar ƙarfe, tafiyar ƴan mintoci. An sha kawo shawarar haƙa hanya ta ƙarƙashin tafkin, ba a yi ba. Iyakar da aka shata a 1933 ita ce har yau. Ko keke ba a yarda a hau a cikin tsohon garin ba. Motar asibiti jirgi ce, ta ƴan kwana-kwana jirgi ce, gawa ma a jirgi ake kai ta maƙabartar tsibirin San Michele.

Tayar da ta shiga ta ɓarauniyar hanya

Wata taya dai ta samu shiga, kuma a hannun baƙi ta shigo. A 1970 wani Ba'amurke, Bernard Sadow, ya maƙala wa akwati tayoyi, a 1987 kuma wani matuƙin jirgin sama, Robert Plath, ya fito da samfurin da ake ja a tsaye da dogon mariƙi. An yi shi ne don santsin daɓen filin jirgi. A Benis kuwa daɓen na duwatsu ne masu gaɓa-gaɓa, kuma kowane ɗan taƙi akwai gada. Baƙon da ba ya son ɗagawa sai ya ja akwatin yana bugun matakala ɗaya bayan ɗaya, gefen dutsen na gutsurewa, ƙarar na shiga ɗakunan mutane tun asuba.

Gada ta huɗu a kan babbar hanyar ruwa ita ta fi shan wannan wahala. Santiago Calatrava ɗan Sifen ne ya zana ta, aka buɗe ta a 2008 don ta haɗa Piazzale Roma da tashar jirgin ƙasa, wato daidai inda masu akwati suka fi yawa. Sai ga shi an yi ta da matakala, wasu na gilashi, ba tare da gangaren keken guragu ba. Gilashin ya riƙa fashewa, idan an yi ruwa ko hazo kuma mutane su yi ta zamewa. Wani akwatin ɗaukar naƙasassu da aka maƙala mata daga baya bai yi aikin kirki ba, aka cire shi. A 2019 kotun binciken kuɗin gwamnati ta ci maginin tarar yuro 78,000 saboda sakaci, daga baya hukumar birnin ta yanke shawarar sauya gilashin da dutse. Magina na ƙarni na 16 sun san abin da zai bi ta kan gadarsu, na ƙarni na 21 ya manta.

A watan Nuwamban 2014 labari ya bazu a duniya cewa Benis za ta haramta akwati mai taya, da tarar da ta kai yuro 500. Kantoman da ke riƙe da birnin a lokacin, Vittorio Zappalorto, ya fito ya ƙaryata, ya ce maganar ta shafi kurar ƴan kasuwa ce mai tayar ƙarfe ko ta roba mai tauri. Har yau akwai masu yaɗa labarin. Babu dokar da ta hana akwati mai taya, matakala ce kawai ke hukunta mai shi.

Baƙo raɓa, ɗan gari kaba

Wahalar baƙo ta yini biyu ce, ta zuwa da ta komawa, ya je gida ya mayar da ita labarin dariya. Ɗan gari kuwa kullum a cikinta yake. Duk abin da ke kan kantar shago, daga kwalbar ruwa zuwa firiji, an sauke shi daga babbar mota a bakin gari, an loda a jirgin kaya, an sauke a gaɓa, an ɗora a kura, an haura da shi gadoji, kowane mataki da kuɗinsa. Kurar ƴan dakon Benis tana da ƙananan tayoyi a gaba da ake dogara su a kan matakala, a ɗaga, a tura. Shara ma haka take fita, a kura gida-gida sa'annan a jirgi. Jiragen masu inji da suka sauƙaƙa jigilar su ma suna da nasu lahani, domin igiyar ruwan da suke tayarwa tana cin gindin gine-gine. Mai jego da keken jariri, da tsoho mai ciwon gwiwa a hawa na huɗu, da ɗan garin da ke da mota amma sai ya shiga layi ya nemi gurbi a benen Piazzale Roma, duk suna biyan harajin kyan da baƙo ya zo kallo.

Da yawa sun gaji. A 1951 mutum kusan 175,000 ke zaune a tsohon garin. Ambaliyar 4 ga Nuwamban 1966, wadda ta kai santimita 194, ta nuna wa mazauna ƙasan gidaje cewa zamansu na kasada ne, Mestre kuma ga gidaje sababbi da mota a ƙofar gida. Aka yi ta ƙaura. A 2009, da adadin ya faɗi ƙasa da 60,000, wasu ƴan gari suka ɗauki makara a jirgi suka yi wa birnin jana'izar wasa. A 2022 ya faɗi ƙasa da 50,000, a 2023 kuma gadajen kwanan baƙi suka zarce yawan mazauna. Gidan da iyali suka bari yakan koma masaukin haya, masaukin kuma ya jawo ƙarin akwatuna a lungun.

Hukuma na ƙoƙarin rage nauyin. Shingen da ke tare ambaliya ya fara aiki a watan Oktoban 2020. Daga Agustan 2021 aka hana manyan jiragen yawon shaƙatawa ratsawa ta gaban San Marco. Daga 25 ga Afrilun 2024 aka fara karɓar yuro 5 a wasu ranaku daga baƙon da zai shiga ya fita a yini guda. An kuma shimfiɗa gangare a kan wasu gadojin bakin ruwa. Duk da haka tambayar da ke gaban birnin ba ta sauya ba: garin da ya tsira daga mota, zai iya riƙe mutanensa?

Ga mai niyyar zuwa

Tarihin nan yana da amfani ga matafiyi. Wanda ya zo da mota, ya fi masa sauƙi ya bar ta a Mestre ya hau jirgin ƙasa, tafiyar kamar minti goma ce, ko ya ajiye a Tronchetto. Benen Piazzale Roma ya fi kusa, amma ya fi tsada, yana haura yuro 30 a yini, kuma yakan cika. Tikitin vaporetto na tafiya ɗaya a shekarun nan yuro tara da rabi ne ga baƙo, wato jika shida da ƴan kai na sefa, don haka mai kwanaki ya sayi na yini ko na kwanaki. Kafin a kama masauki a tambayi abu biyu: wace tashar jirgin ruwa ce ta fi kusa, kuma gada nawa ce tsakani. Lambar gida ba za ta taimaka sosai ba, domin ba bisa titi ake ba da ita ba, bisa unguwa ne, a unguwar Castello ma ta haura 6,000. Akwai wuraren ajiyar kaya a tashar jirgin ƙasa da Piazzale Roma, akwai kuma ƴan dako masu lasisi, sai dai a yi ciniki kafin a ɗora. Kada mutum ya ɗauko abin da ba zai iya ɗagawa da hannu ɗaya ya hau matakala ashirin da shi ba, in ya zo gada kuma ya ɗaga, kada ya ja.

Abu na ƙarshe, a lungu a riƙe dama, kuma kada a tsaya ɗaukar hoto a tsakiyar gada. Idan mutum ya ji an yi kira daga bayansa da ƙarfi, ocio, gafara ce ake nema da harshen garin. Ɗan dako ne tafe da kura cike da kaya, ya riga ya ɗauko gudun da zai haura matakala da shi, in ya tsaya sai ya sake daga farko. A matsa masa ya wuce. Shi da irinsa ne suka ɗauko birnin nan tun daga zamanin masu yin gishiri, kuma abincin da baƙo zai ci da daddare yana cikin wannan kurar.